Ranar da Na Tsallaka Zuwaira

Saminu, kai ka jawo wannan babi, saboda haka kai za ka fara karanta shi, sannan ka miƙa wa ƙannenka Hadiza da Balki. Ranar da dangin yarinyar da kake nema suka aika ƙauyenmu binciken asali, suka dawo suka ce a yi haƙuri, ka zauna a zaure kana kallon ƙasa, ka ce mini:

"Baba, da ba ka tsallaka ba."

Na ce maka tuwo na hucewa. Ka san ubanka, ko gawa aka ɗora masa a kai sai ya tambayi ko ta karya kumallo. To amma wannan magana ba ta amsuwa da shafta, kuma bakina ba ya iya riƙe magana madaidaiciya, sai ta karkace ta koma wasa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kuna ƙanana muka baro ƙauyen, ba ku san ko wane ne ni a can ba. Ni ne Habu Shafta. Ungozomar da ta karɓe ni ta rantse ban yi kuka ba, dariya na yi, har ta kusa sakina a ƙasa. In na ba da labarin kunamar da ta harbe ni, kafin in kai ƙarshe ta zama girman tunkiya. Daga ƙauyenmu har kasuwar Urafan ba bikin da ake yi ba a aiko mini da goro ba. Abokin fadana kuwa shi ne Idi, ɗan Gwaggo Hajo ƙanwar mahaifina, wato taubashina. Kowannenmu na cewa shi ne ubangida. In mun haɗu da safe zai ce, "Bawana, ka share mini garke?" ni kuma in ce masa bawan da ya kwana bai gaida ubangijinsa ba kasuwa za a kai shi. Tare muka yi kiwo, tare aka yi mana kaciya, gonarsa na jikin tawa.

Akwai wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo mana, Mushe Lawali, don da Faransanci haka muke kiran malaman boko, Mushe. Shekarar da ya zo wani yaro ya faɗa rijiya, Allah ya sa aka fiddo shi da rai. Sai Mushe ya rubuta wasan kwaikwayo don ya tsorata yara su daina leƙen rijiya da tsakar rana. Labarin Dodon rijiya ne, mai satar inuwar duk yaron da ya leƙa. Yaran da aka sace wa inuwa sai su daina dariya, su daina cin tuwo. Sai wata yarinya marar tsoro ta bi guga ta sauka, ta tarar da gari guda a ƙarƙashin ruwa, inuwoyi na daka wa Dodo gero, ta kayar da shi da kacici-kacici, ta koro inuwoyin gida kamar awaki. Zuwaira ɗiyar Idi ce yarinyar, shekararta tara, bakinta kamar reza. Dodo kuwa ba sai an yi shawara ba. Aka kifa mini ƙatuwar ƙwarya a ka, an huda idanu, an liƙa haƙoran kara. Dabarar satar inuwa ita ce a shimfiɗa baƙin zane a ƙafar yaro, in zo in naɗe shi kamar tabarma in cusa a buhu. Mun yi wasan a filin lakwal ranar rufe shekara, mun yi shi a Urafan, har Tasawa aka kai mu. Da an gama sai in cire ƙwaryar, yara su haye ni, wannan a wuya, wannan a baya, kowa na son ya sa kan Dodo. Shekara biyu muna haka, ko zazzaɓi ba wanda ya yi.

A shekara ta uku ƙanen Mushe, wani saurayi mai suna Nasiru da ke aikin ɗaukar hoto a Maraɗi, ya zo da kamara ya ce zai mai da wasan fim na yara. Da bazara aka yi aikin, a bakin tsohuwar rijiyarmu. Abu na farko da ya yi, ya dube ni da ƙwaryata ya girgiza kai.

"Baba Habu, cire wannan. A fim ƙwarya ƙwarya ce. Fuskarka ta fi ta aiki."

Idi na gefe yana kallo, ya ce, "Ai ni na daɗe ina hwaɗi, ƙwaryar kyau take ƙara mishi."

Aka yi dariya, na cire. Wannan ke nan. Abu na biyu kuwa ba Nasiru ya yi shi ba, ni na yi, kuma ina so ku ji shi daga bakina. A takardar Mushe, abin da Dodo ke cewa shi ne, "Na kama inuwarki." Ranar Mushe ya tafi Tasawa taron malamai. Ga kamara a gabana, ga rabin gari sun kewaye mu, sai cutar nan tawa ta ƙarin gishiri ta motsa. Na ga inuwa ta yi mini kaɗan. Na zaro ido, na lashe leɓe, na ce:

"Na kama kurwarki, ƴar nan! Yau da ke zan yi miya!"

Fili ya ɗauki ihu. Nasiru ya tashi a birni, ya yi karatun nasara, shi a wajensa inuwa da kurwa duk abu ɗaya ne. Ya ce ya fi ƙarfi, a bar shi haka. Ya juya ga Zuwaira ya ce ita ma ta sauya tata amsar, ta ce, "Dodo, sakar mini kurwata." Ta faɗa sau biyar ko shida kafin ya gamsu. Inuwa abin da rana ke zubarwa ƙasa ce, kowa na da ita har jaki. Kurwa kuwa kun san abin da ake cewa maye ne ke kama ta. Ni ma na sani. Dariyar nake so.

Da fim ɗin ya dawo mana a kan salula, gab da saukar damina, ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. Ba zane, ba buhu. Nasiru ya yi aiki da na'urarsa: ga Zuwaira tsaye a rana, sai inuwarta ta ɓalle daga ƙafarta, ta ja ciki a kan rairayi kamar maciji, ta hau ƙirjina ta shige bakina, na haɗiye, maƙogwarona ya motsa. Idanuna jajur. Kuma fuskata ce, da tsagena, da giɓin haƙorina. Fim ɗin ya bi gari gari, daga salula zuwa salula, har wani ɗan Kanan-Bakashe ya tsai da ni a kasuwa ya ce in yi masa zaro idon nan. Na yi masa, har da ƙari. Innarku Rakiya sau ɗaya ta kalla, ta miƙa wa mai salular kayarsa.

"Malam, mi ya kai ka hwaɗin wagga kalma?"

Na ce mata hassada take yi don ba a sa ta a fim ba.

Daminar ta yi ruwa sosai, gero ya fi mutum tsawo, tabkuna suka cika, sauro ya yi yawan da in ka buɗe baki za ka yi hamma sai ka yi kalaci. Zazzaɓi ya shiga gari. Kafin gero ya fid da kai an binne yara uku a unguwarmu, biyu daga cikinsu sun fito a fim ɗin, cikin waɗanda aka sace wa inuwa. Ban lura da komai ba. Na je gaisuwa, na ga mata na jan yaransu ciki, na ɗauka don kada su dami masu makoki ne. Mushe ya tafi hutu garinsu. Sai Zuwaira ta kwanta.

Kwana na uku da hantsi, ina ɗaure jaki, Idi ya shigo gidana ba sallama. Na buɗe baki zan ce bawana, na ga fuskarsa, na rufe.

"Habu, Inna na kiranka."

Na bi shi gidansu, na tarar cike yake da mata, maza na tsaye a bakin darni. An fito da yarinyar an shimfiɗe ta a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedi. Jikinta na fizga, idanu sun juye, leɓe ya bushe ya tsage. Na durƙusa zan taɓa goshinta, wata mata ta buge mini hannu. A nan ne na ji abin da take faɗa, da ƴar murya, tana maimaitawa kamar karatun allo:

"Dodo, sakar mini kurwata. Dodo, sakar mini kurwata."

Na ɗaga kai na ce wa mutane ai maganarta ce ta fim, Nasiru ya sa ta hardace, zafin zazzaɓi ne ke fito da ita. Kun san abin da ake cewa, wanda maye ya kama shi ke kiran sunan mayensa da bakinsa. Gwaggo Hajo na zaune a kan turmi. Matar nan ta goya ni. Da mahaifiyata ta rasu, a ɗakinta na ci tuwo shekara huɗu.

"Habu, ba hwaɗa na kira ka ba. Kai ɗan wana ne. Ka tsallaka ta sau uku, ka sake ta, magana ta ƙare."

"Gwaggo, ni ne hwa. Ni maye ne?"

"Ban ce a jininmu ka samo ba. Uwarka baƙuwa ce, daga yammacin Mayahi aka kawo ta, ba mu san nonon da ta sha ba, ba mu san wanda ta ba ka ba."

Na ce a bar wannan, ga amalanke a ƙofar gidana, ga jaki, a ɗauki yarinya a kai ta likita Urafan yanzu, in ya so in an dawo a yanka ni. Gwaggo ta ce wanda kurwarsa ke hannun wani, in allura ta taɓa shi ya tafi ke nan, kuma ba mai fita da jikarta daga gidan nan sai a kan gawarta. Na dubi Idi. Idi ya yi aikin ci-rani har Agadas, ya san likita, ya san allura. Amma ga uwarsa, ga matarsa na birgima a ƙasa, ga gari duka a bakin darni, ga ɗiyarsa na kiran sunana. Ya kasa ɗaga ido.

"Habu, ni ban ce kai ne ba," in ji shi. "Amma mi zai rage ka? Taki uku ne."

Shi ma ya san abin da zai rage ni. A wajenmu ba mai tsallaka marar lafiya sai wanda ya amsa. Ba a tsallakawa don kunya ko don zumunci. Wanda aka yi wa ƙazafi rantsuwa yake yi, ya juya ya tafi gidansa, in ya ga dama ya kai ƙara wajen maigari. Da na yi haka da an ce Habu ya yi zuciya, da rabin gari sun bi bayana. Amma ƙarar maigari sai an tara dattawa, sai an yi la'asar, kuma ni ina ganin farcen yarinyar nan ya yi fari fat. Ban san lokacin da innarku ta shigo ba, sai na ji an riƙe mini riga ta baya. Balki na goye a bayanta.

"Malam, in ka tsallaka, ba ita ɗaya ka tsallaka ba. Ni ka tsallaka, da ɗiyanka uku, da uwarka da ke kabari. Mu tahi gida."

Gaskiya ta faɗa, ba ta ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Na tsaya riƙe a hannunta, ban san tsawon lokacin ba. Sai Zuwaira ta sake fizga, kumfa ya fito mata a gefen baki. Na juya ga Gwaggo na ce zan yi, amma da sharaɗi, kuma a gaban mutane: da na sauke ƙafata ta uku, za a ɗora ta a amalanke a kai ta likita. Tunda in na sake ta, allura ba ta da abin da za ta yi mata. Gwaggo ta auna, ta ga ba ta da mafita a cikin nata hukuncin. Ta ce ta yarda. Na sa Idi ya rantse. Na zare rigata daga hannun innarku, na tuɓe takalma.

Ni da na iya tsallake bijimi a tsaye, in kun yarda da labarina, ranar ƙafata ta yi nauyin turmi. Yarinyar ba ta kai faɗin taki guda ba. Na tsallaka, na juyo, na tsallaka, na juyo, na tsallaka. Ina sauke ƙafa sai Allah ya kawo atishawa, ta yi ta sau ɗaya, ƴar ƙarama. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

"Ya saki! Wallahi ya saki!"

Da na waiwaya innarku ba ta nan.

Gwaggo ta cika alkawari, amma ta ce ba zan hau amalanken ba. Idi ya kora jakina, matarsa ta rungume yarinyar, ni kuma na bi sawun taya a ƙasa, daga nesa, cikin rairayi mai laima, gero ya rufe hanya dama da hagu. Takalmana ma na bar su a gidan. Mun isa Urafan bayan azahar. Majon likita, wato babban ma'aikacin asibitin, ya buɗe idonta ya duba, ya ɗiga jininta a ɗan abin gwaji, ya ce zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai, ya tambayi wane ne uban, ya wanke Idi tas a kan jinkiri. Ya ce da sun kai magariba da ba shi za su nema ba. Aka ɗaura mata ruwa. Kwana huɗu ina zaune a gindin wata bishiya a waje. Rana ta biyar ta nemi fura.

Na dawo gida ina tsammanin takardar majo za ta wanke ni. Ashe warkewarta ita ce shaidar da ake jira. Da ta mutu da wasu sun ce an zalunci Habu. Da ta tashi kuwa, sai lissafin kowa ya fita: ya tsallaka, ta yi atishawa, ta warke. Iyayen yaran nan biyu da aka binne suka daina amsa mini sallama. Innarku na tuyar ƙosai kowace safiya a bakin lakwal, sai ta wayi gari tana zaune da kaskonta, ƙuda kaɗai ke ciniki. Hadiza, ke ba za ki tuna ba, an hana ki taɓa guga a rijiya, sai wata ta zuba miki daga nesa. Liman ya yi wa'azi ranar Juma'a cewa jifan musulmi da maita zunubi ne babba, na ji daɗi, na bi shi gida in yi godiya, ina sallama na ji matarsa na cewa a shigar da yara ɗaka. Wannan na yaran shi ya fi cina. Mutumin da in ya fito yara ke binsa kamar mai alewa, sai ga shi in ya biyo lungu lungun ya zama wayam, sai takalmi guda da wani ya yar garin gudu.

Da Mushe ya dawo daga hutu ya ji, ya kira ƙanensa. Nasiru ya zo da na'urarsa a kan moto, wato babur, ya tara mutane a filin lakwal, ya ɗauki hoton akuyar maigari, ya cire mata inuwa a gabansu, ya mayar, ya sake cirewa. Ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Mutane suka kalla da kyau. Wani dattijo ya ce to, ai ga shi nan, na'urar nasara tana ganin abin da ido ba ya gani, shi ya sa ta tona Habu. Da aka yanka akuyar a wani suna bayan wata biyu, na ji ana cewa ita ma ba ta yi kwana ba.

Muna gama girbi muka ɗaure kaya. Na bar wa wani gonar mahaifina yana nomawa, muka taho Tasawa, na kama sayar da igiya da guga a kasuwa. Idi ya zo ranar tafiya ya taya ni ɗora buhuna. Gwaggo ta aiko da ƙwaryar wake, innarku ta mayar. Ita kuwa innarku ta yi wata bakwai ba ta yi mini magana ba sai ta bakinku, "ku ce wa babanku ruwa ya yi zafi." Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba har yau, kuma ban taɓa neman ta ce ba. Ita aka tsallaka ba a shawarce ta ba. Ku ma haka.

To Saminu, ga abin da zan iya ce maka. Kakarka ba mayya ba ce, mace ce mai yawan kunya da ta mutu wajen haihuwar ƙanena. Ubanka ba maye ba ne, wawa ne da ya sauya kalma ɗaya don a yi masa tafi. Wannan laifina ne, ka riƙe ni da shi yadda kake so. Amma tsallakar ba zan ce maka na yi nadamarta ba, don in na faɗa ƙarya ce, kuma ƙaryata ta kasuwa ce, ba na kawo ta gida. Na san kai ka biya wannan karon. Zan je da kaina wajen mutanen nan in ba su labarin, ko su karɓa ko su ƙi.

Bara, ranar kasuwa, ina zaune a rumfata, na hango wata mata doguwa tana taya tukunya, da goyo. Sai da ta yi magana na gane ta, bakin nan na nan yadda yake, tana ce wa mai tukwane ko da zinariya ya gina ta. Na miƙe ban sani ba, na ce, "Zuwaira!" Ta juyo, ta gane ni. Ta durƙusa daga inda take, ta gaishe ni da ladabi, Baba ina wuni, ina su Inna, ya ƙarfin jiki. Tana gaisuwar, hannunta na baya yana jan mayafi, har ta lulluɓe kan yaron ruf. Da za ta tafi ba ta juya mini baya ba, da baya da baya ta ja har ta shige cikin mutane, don kada goyon ya fuskance ni.

Ban ga fuskarsa ba, ban san sunansa ba. Amma mayafin bai kai ƙasa ba, na ga ƙafarsa guda tana lilo a gefen ƙugunta. Ƙatuwar ƙafa, mulmul, da ɗan zare a idon sawu. Wanda ya zo sayen igiya ya tambaye ni nawa, sau uku yana tambaya.